Shatar mota da jirgin fito: daga Kafin Hausa zuwa dausayin Baturiya

Tun da aka kafa jami'ar jihar Jigawa a Kafin Hausa a 2013, wadda daga baya aka sa wa sunan Sule Lamido, hanyar Gaya zuwa Jahun ta samu wasu irin fasinjoji da ba ta saba da su ba: iyaye da yayye masu kai wa ɗalibai garin tuwo, ƙuli-ƙuli da 'yan kuɗin kashewa. Yawancinsu a yini guda suke zuwa su juya. Kaɗan ne ke ƙara kwana ɗaya su gangara ta Hadejia su ga dausayin Baturiya, alhali tafiyar ba ta da nisa daga inda suka riga suka zo. Ba wani kamfani ne ke shirya wannan ziyara ba. Hidima ce kashi biyu da mutum ke haɗa wa kansa, wato ya ɗauki shatar mota a tasha, in ya isa bakin ruwa kuma ya yi ciniki da mai jirgin fito. Ta cancanci kuɗinta, amma sai ga wanda ya ƙulla sharuɗɗansa tun kafin a tada mota. Ɓangaren mota ba laifi. Ɓangaren ruwa kuwa akwai gwaninta ta gaske, sai dai kayan kariya kusan babu.

Kafin Hausa na cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Hadejia, tare da Auyo, Birniwa, Guri, Kaugama, Kirikasamma, Malam Madori da ita kanta Hadejia. Ruwan yankin daga Kano yake tasowa. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Hadejia, shi kuma da ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi sai ya rarrabu. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya zama mashigin Marma ya nufi tafkin Nguru, saura su tafi su gamu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Baturiya tana cikin wannan rarrabuwar, a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Wanda ke tsammanin tafki guda mai faɗi irin na Tiga ba shi zai gani ba. Abin da ke can tafkuna ne ƙanana, kududdufai, mashigai da dajin giyayya da gabaruwa da goruba da ruwa ke shiga ƙarƙashinsu wata da watanni.

Daga ƙauyukan gabashin Kano, irin su Gaya da Ajingi da Albasu, hanya mafi sauƙi ita ce ta Jahun, domin ita ce ke sauke ka a ƙofar jami'ar kafin ma ka shiga gari. Mutanen Gabasawa da Ringim da Taura kuwa ta Gujungu suke bi su faɗa Hadejia, sannan su dawo Kafin Hausa, tazarar kusan kilomita 30. Mai bin wannan hanya ya kiyayi Lahadi, ranar kasuwar Gujungu, don tireloli da motocin dabbobi kan cushe titi har a ɓata awa guda ana rarrafe. Haka Wudil take ranar Juma'a ga wanda ya taso daga cikin birnin Kano.

Motocin da ake samu a tashoshin wannan layi ba su wuce iri uku ba: Golf mai bodi, Sharon, da bas ƙirar Hiace da ake kira Homa. A lodin yau da kullum Golf na ɗaukar biyu a gaba huɗu a baya, kuma a kan wannan lissafi ake yanka kuɗin shata. Ma'ana, in ka ce shata kake so, za a ninka kuɗin kujera sau shida, a ƙara kuɗin dawowa, a ɗora la'adar 'yan kamasho. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka duk lambar da aka faɗa maka watan jiya ba abin riƙewa ba ce. Ka fara tambayar kuɗin kujera ɗaya na ranar, ka yi lissafinka a zuci, sannan ka buɗe bakin ciniki. Ga iyali mai mutum biyar zuwa bakwai Sharon ta fi, ba don faɗi kaɗai ba, har don ƙasanta ya ɗan fi na Golf tashi, kuma hakan na da amfani idan an sauka daga kwalta. Homa ta ƙungiyar ɗalibai ce ko makarantar Islamiyya, amma ita ce ta fi saurin kafewa a yashi.

Rigimar shata kusan duk daga abu ɗaya take fitowa, wato abin da ba a faɗa ba a tasha. Direba ya ji an ce Hadejia, ya yi farashin Hadejia, sai an isa a ce masa ai akwai sauran tafiya a kan burji da turɓaya. Nan zai ce ba haka aka yi da shi ba, kuma da gaskiyarsa. Don haka a gaban shugaban layi ko wani ɗan ƙungiyar direbobi za ka zayyana komai: za a tsaya a jami'a awa kaza, za a kwana a Hadejia, za a fita bayan sallar Asuba zuwa Baturiya, zai jira a bakin ruwa har hantsi ya yi sosai, sannan a juyo. A fayyace wanda zai sayi mai. Tsarin da ya fi zaman lafiya shi ne mai a kanka, kuɗin mota da na direba daban, domin in an haɗa su a dunƙule direba zai riƙa tsuke tafiya yana gudun kowane kilomita. A fayyace abincinsa da makwancinsa. A kuma faɗa ƙarara cewa ba ɗaukar fasinjan hanya, don wasu in sun ga kujera ba kowa sai ka ji, "Alhaji, a taimaka wa baiwar Allah nan, nan gaba kaɗan za ta sauka." Da ka yarda sau ɗaya shata ta koma lodi. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, ragowar sai an dawo gida. A karɓi lambar motar da lambar wayar ɗan ƙungiyar da ya shaida cinikin.

Duba mota ba raini ba ne, kuma direban kirki ba ya jin haushi. A fara da taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayoyin gwanjo da ake sa wa motocin haya sau da yawa zanensu da saura amma robar ta tsufa ta tsattsage, kuma irinsu ne ke fashewa da rana tsaka in kwalta ta ɗau zafi ga nauyi. A ga safaya da ido, a taɓa ta a ji akwai iska, a ga jak da sifana, domin bayan an bar Hadejia mai faci sai an yi sa'a. Sai lagireto. Tsohuwar Golf da fankarta ke aiki da waya da aka haɗa kai tsaye, direba na ajiye da jarkar ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa, tana gaya maka halinta tun ba ka tambaya ba. A kan kwalta iska na sanyaya ta, amma a yashi inda ake tafiya da giya ɗaya ko biyu inji na kuka, nan take tafasa. In ta tafasa kada a bari kowa ya buɗe murfin sai ta huce, kuma kada a kwara ruwan sanyi a injin da ya yi zafi. Abu na ƙarshe, jarkar fetur a but. Direbobi na yin haka don gudun tsadar 'yan bumburutu a ƙauye, amma but ɗin Golf da Sharon a haɗe yake da inda mutane ke zaune. A cika tanki a Hadejia a bar jarkar.

Ita Kafin Hausa ba ta cin lokaci mai yawa. Gari ne ƙarami da jami'a ta farfaɗo da shi: shagunan buga takardu, masu cajin waya, masu POS, gidajen haya na ɗalibai, masu shayi da ke kaiwa dare. A ƙofar jami'a a zo da katin shaida, a kira ɗalibin ya fito ya tarbi baƙinsa, hakan ya fi saurin wucewa. Maza ba sa shiga ɗakunan kwanan mata, a waje ake ganawa. A tambayi ɗalibi jadawalinsa kafin a sa rana, don wanda ya zo a makon jarrabawa gaisuwar minti goma zai samu. Abinci irin na gida ne, shinkafa da wake, masa, tuwo da dare, tsire da balangu da yamma, kuma inda ɗalibai suka yi layi nan ne abincin bai kwana ba. Masauki kuwa gara a ƙarasa Hadejia, akwai zaɓi da yawa, kuma daga can fitar asuba ta fi sauƙi. Wanda ya isa da sauran rana ya zaga ya ga ƙofar fada. A garin nan ne Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906 har aka kashe shi a fagen daga, kuma Haɗejawa ba su manta ba.

Lokacin zuwa shi ne ke yanke hukuncin ko kuɗinka ya yi amfani. Daga Agusta zuwa farkon Oktoba ruwa na kan ganiyarsa, hanyoyin ƙauye na yankewa, a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022 har manyan tituna ruwa ya ci a wannan masarauta. Ba lokacin yawon buɗe ido ba ne, mutanen wurin ma ta kansu suke yi. Daga Nuwamba ruwa ke fara ja, hanya ta bushe, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai su sauka. Disamba zuwa Fabrairu shi ne daidai. Illar wannan lokaci ɗaya ce, hazo. Ranar da buji ya sauka ba za ka ga abin da ya wuce 'yan taku ɗari ba, ga iska mai tada igiyar ruwa da hantsi. Daga Maris baƙin tsuntsaye na komawa, zuwa Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, tafkuna da yawa sun zama taɓo, jirgi sai dai a ja shi.

Baturiya ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne. Gandun daji ne mai kariya, an sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin sabbin gandayen ƙasa da ta amince da su. Akwai ma'aikatan gandu, su ake fara nema a faɗa musu abin da ya kawo mutum, a biya abin da doka ta ce a karɓi rasit. Bindiga, danƙo da tarko ba su da wurin shiga. Bayan su sai gaisuwa ga Bulama, kamar yadda ake kiran mai gari a ƙasar Hadejia. Ba dogon abu ba ne, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Gaya, mun zo ganin ruwa," da ɗan goro. Amfanin wannan gaisuwa a aikace yake: shi zai haɗa ka da Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, kuma jirgin da aka ba ka ta hannunsu akwai mai amsa tambaya in wani abu ya faru. Samarin da ke tare mota tun daga nesa suna cewa su ne masu jirgi, sau da yawa aron jirgin za su yi, farashinsu kuma ya fi tsada don akwai kason mai shi a ciki.

Jirage iri biyu ne. Akwai kwale-kwalen katako da ake tuƙawa da doguwar sanda da filafili, akwai kuma mai inji. Baƙo yakan zaɓi mai inji don yana ganin ya fi aminci, amma a wannan ruwa ba haka abin yake ba. Ruwan ba zurfi a mafi yawan wurare, cike yake da bado da kainuwa da ragar masunta da aka shimfiɗa. Farfelar inji na naɗe ciyawa da zaren raga, sai a tsaya a ɗaga inji a warware da wuƙa. Mafi muni, ciyawa na toshe ƙofar da inji ke shan ruwan sanyaya kansa. A bayan kowane inji akwai ɗan siririn ruwa da ke tsartuwa, masu jirgi na ce masa fitsarin inji. Muddin yana zuba lafiya lau, in ya tsaya kuma ba a kashe inji nan take ba zai ƙone. Yawancin injunan Yamaha ne masu shan fetur haɗe da baƙin mai, kuma ma'aunin da aka saba shi ne rabin lita na baƙin mai a lita 25 ta fetur. Wanda ya rage baƙin mai don tsimi injinsa na cijewa, wanda ya zuba da yawa kuma fulogi na yin baƙi, inji ya riƙa tari yana mutuwa. Ko jirgin mai inji ne, a tabbata akwai sanda da filafili a ciki kafin a tashi. Sannan ƙarar inji na korar tsuntsu tun kana nesa, ka biya kuɗi ka ga bayansu kawai.

Mai sanda shi ne ainihin abin da ya sa wannan hidima ta cancanci yabo. Yana tsaye a ƙarshen jirgi ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya kafa sanda, ya bi ta da hannu bibbiyu har ƙarshenta, ya zare ta ba tare da ta fantsama ruwa ba. Da jin yadda sanda ta nutse ya san ko yashi ne a ƙasa ko laka, ya san inda tsohon kwarin kogi ya bi a ƙarƙashin ruwan da kai kake gani shimfiɗe ɗaya. Ya san mashigin da ke buɗe bana wanda bara a toshe yake. In ka ce, "Baba, a ɗan matsa kusa da su mana," zai iya ce maka, "Yaro, in muka ƙara taku ɗaya za su tashi, bari iska ta kai mu." A bar shi ya yi yadda ya sani. Ciniki da shi a yi shi a kan lokaci da wuraren da za a kai, ba a kan kai ba, in ba haka ba zai so ya cika jirgi. Awa biyu zuwa uku ta isa. Kuma a tuna safiyar da ka ɗauke shi ita ce safiyar da zai duba komarsa, saboda haka kada a matse shi a farashi kamar ana sayen tumatir.

Abin da zai fi ba baƙo mamaki shi ne kachalla. Doguwar ciyawa ce da ta fi tsayin mutum, ta cinye dubban kadada a wannan kwari. Asalin matsalar daga sama take. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin kan cika da damina ya bushe da rani, bushewar nan kuma ita ke kashe ciyawar. Yanzu ana sako ruwa duk shekara saboda noman rani, ƙasa ba ta bushewa, kachalla ta samu yadda take so. Tana rage gudun ruwa, laka ta taru, mashigi ya toshe, ruwa ya bar hanyarsa ya kwanta a gonakin mutane, wasu wuraren kuma ya daina isa gare su sam. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana su fito su cinye shinkafa. Ga mai ziyara ma'anarta ita ce wani sashe na tafiyar a cikin lungu za a yi shi, bango kore dama da hagu, ba iska, ga sauro ko da rana. Ganyenta na yanka, kada yara su miƙa hannu. Duk wanda ya shiga lungunan nan ba tare da ɗan gari ba zai ɓace, don kowace kwana kamar 'yar'uwarta take.

Inda hidimar ta gaza shi ne kariya. Rigar ruwa ba kasafai ake samunta a bakin gaɓa ba, duk da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare. Masu jirgi sun iya ruwa tun suna yara, shi ya sa ba sa ganin buƙatarta, su manta fasinjansu ɗan tudu ne. Ƙungiya ko makarantar da za ta kawo yara ta nemo rigunan tun daga Kano ta zo da su, kuma a ɗaure igiyoyin sosai, don rigar da ba a ɗaure ba fita take ta kai in an faɗa ruwa. Mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, inda a Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi ne ya wuce kima. Ma'aunin lodi a ido yake. Bayan kowa ya zauna, a dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. In ba ta kai taƙi guda ba, wani ya sauka ko a ɗauki jirgi na biyu. Yaro a ƙirga shi cikakken mutum, don abin da ya rasa a nauyi yana ramawa a motsi. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna ƙasa-ƙasa, kada kowa ya miƙe don ɗaukar hoto, kada kuma duka a karkata gefe guda in an ce ga wani abu can. Kafin shiga a dubi cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne, kowane jirgin katako na tsatsa, shi ya sa ake ajiye yankakkiyar jarka ta kwalfewa. Amma in an ga tsumma da kwalta sabbin liƙi a haɗin katako kuma ruwa na ɓulɓulowa ta wurin, a nemi wani. Mai babbar riga ya tuɓe ta ya bari a mota, mata kuma su tattare hijabi, domin tufa mai yawa in ta jiƙe ja take ƙasa.

Wanda ya shiga ruwa da fitowar rana zai ga abin da ya zo gani. Kirinjijiya garke-garke suna fito in sun tashi, dinya manya masu nauyin tashi, zalɓe tsaye shi kaɗai a gefen ciyawa, balbela a bayan shanun Fulani da suka gangaro mashaya, wani lokaci kwasakwasa ko gauraka in an yi dace. Baƙin na Turai yawanci ƙananan agwagi ne da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a gonakin shinkafar da aka girbe, dubbai a wuri guda. Shamuwa kam kada a neme ta da rani, sai damina ta kusa. Da ƙarfe goma ta wuce sun watse sun shige inuwa. Kyamarar waya ba ta ɗauko su sai ɗigo-ɗigo, madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi komai amfani, ko guda ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa. Waya a sa ta a leda a ƙulle. Sabis na zuwa yana ɗaukewa, don haka a yi alkawarin lokaci da direba baki da baki, kuɗi kuma a riƙe tsaba ƙanana tun daga Hadejia.

Kada a yi wanka, kada a bar yara su yi wasa a gefen ruwa. Ruwa kwantacce mai ciyawa gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Alamar ba ta fitowa sai bayan makonni, a ga jini a ƙarshen fitsari, lokacin an manta da tafiyar. Wanda ya jiƙe ya goge jikinsa da tawul nan da nan, in kuma ya ga alama daga baya ya je asibiti ya faɗi inda ya je, akwai maganin praziquantel da ake bayarwa gwargwadon nauyin mutum. Alwala a yi ta da ruwan da aka zo da shi. Lita biyu ga kowane mutum ba ta yi yawa ba ko da sanyi ne. Daren Hadejia kuma a kwana cikin gidan sauro.

Kifi shi ne tsarabar wannan tafiya, kuma a nan ma akwai inda ake cutuwa. A bakin ruwa za a samu tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, wani lokaci gaiwa. Ɗanye a duba ƙasan marfin kunnensa ya zama ja, ido garau, in an danna tsoka ta dawo. Amma ɗanyen kifi ba ya jure awa uku a but ba ƙanƙara, sai dai tarwaɗa mai rai a bokiti da ɗan ruwa, ita tana da taurin rai. Mai tafiya nesa banda zai saya, a nan ko a kasuwar kifi ta Hadejia inda zaɓi ya fi yawa. Banda mai kyau ba ta da nauyi, tana da ƙamshin hayaƙi, in an karya ta ƙas take yi, cikinta a bushe. Wadda ta yi baƙi ƙirin a waje amma ciki da laushi wuta aka cika mata don sauri, kwana biyu za ta yi tsutsa. In an buga ta a tafin hannu gari ya zubo, ƙwari sun riga ka. Wadda kuma ke warin magani, ko aka ga ƙuda na kewaye ta ba ya sauka alhali yana kan ta maƙwabta, an yi mata feshin fiya-fiya, a bar ta komai arharta. A zuba a kwali da takarda, ba a leda ba, don leda na sa ta gumi ta yi fumfuna. In an isa gida a ƙara shanya ta yini guda.

Tafiyar ta dace da iyali masu manyan yara, da malaman makaranta, da manomin rani da ke son ganin inda ruwan Tiga ke ƙarewa. Ba ta dace da jarirai ba, ko tsoho mai ciwon gwiwa da ba zai iya zaman ƙasan jirgi ba. Su a bar su a inuwa a bakin gaɓa, nan ma akwai abin kallo. A fito daga ruwa kafin azahar, a yi sallah a ci abinci a Hadejia, a kama hanya. Mai komawa Gaya ko Ajingi ya bar Kafin Hausa kafin la'asar, domin da magariba titin Jahun na cika da amalanken shanu da babura marasa fitila, ga shanu masu tsallaka titi suna komawa ruga, kuma direban da ya tashi tun asuba a lokacin gyangyaɗi ke fara kama shi.